Neman shawara: wasan jirgi ya ƙi buɗewa bayan sabuntawa, kuma aikin yayana yana ciki

Malamin Aji Shida, Badariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, raina ne a jagule, jiya ko runtsawa ban yi ba.

Ni malamin makaranta ne a nan Birnin Kebbi, ina koyar da 'yan aji biyar da shida a wata makaranta mai zaman kanta. Kwamfutar da nake magana a kanta ba tawa ba ce, ta yayana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya sa mini son jirgi. Tun da aka fara kwasar alhazai daga filin jirgin Ambursa yakan goya ni a mashin mu je mu tsaya daga nesa, mu jira jirgi ya ɗaga. Burinsa ya shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, amma kuɗin ya fi ƙarfin gidanmu, ga Baba a kwance a lokacin, sai ya haƙura ya karanta safiyo a poli. Da ya fara aiki, kuɗin da ya fara tarawa kwamfutar nan ya haɗa da su. Inna ta yi ta faɗa, wai sa'o'insa na neman aure shi yana sayen akwatin wasa. Bai ce mata komai ba. Ya sa Microsoft Flight Simulator, ya sayi sandar tuƙi, ya zuba jirage da fenti iri-iri.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Filin jirgin Sir Ahmadu Bello, wato na Ambursa, da ya zo da wasan titi ne kawai da wasu gine-gine da ba su yi kama da namu ba. Sai yayana ya zauna ya gina shi da hannunsa. Ginin matafiya, hasumiya, shinge, wurin ajiye motoci, har da itatuwan darbejiya na bakin hanya. Dare bayan dare yana yi, yana auna hotunan da ya ɗauka yana gyarawa. Bai taɓa ɗora shi a intanet ba, ya ce sai ya kammala.

Yanzu aiki ya kai shi wani daji can wajen iyaka, sai ya hau tudu yake samun sabis, wani lokaci mu daɗe ba mu ji shi ba. Da zai tafi ya ce in yi ta tashi son raina, amma kada in taɓa mishi komai a ciki.

Na daɗe ina tashi ba tare da intanet ba, lafiya lau. Rannan ina koyar da taswira sai na ba yara labarin, magana ta kai kunnen mai makaranta. Ya ce ranar Asabar mai zuwa akwai taron iyaye, in kawo kwamfutar in nuna tashi daga Birnin Kebbi zuwa Jidda, har ya ba ni kuɗin data. Yara sun riga sun gaya wa iyayensu. Na ce bari in haɗa da intanet don su ga ƙasa yadda take da yanayin sama na gaskiya. Ina haɗawa wasan ya ce sai an sabunta, babu wurin cewa a'a. Na bari ya yi ta saukewa har ya gama, data ta tafi kusan duka. Yanzu in na buɗe, layin nan yana tafiya har ya kusa ƙarshe, sai wasan ya rufe kansa ya maido ni fuskar kwamfuta. Ba saƙo, ba komai.

Me zan yi ya buɗe kafin Asabar ba tare da na ɓata aikin yayana ba? Don girman Allah wanda ya sani ya taimaka.

Kyaftin na Gusau:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka. Tun watan Agustan 2020 da wasan nan ya fito nake kansa, babu kalar rufewar da ban gani ba. Matsalarka tana cikin folda ɗaya, sunanta Community. Duk abin da yayanka ya ɗebo daga waje, jirage, fenti, filaye, har da wanda ya gina, can suke zaune. Kayan Asobo, kamfanin da ya yi wasan, kuma suna cikin wata folda kusa da ita mai suna Official. In sabuntawa ta zo, Official ake gyarawa, Community ba mai taɓa ta. To kayan cikinta an yi su ne a kan awon tsohon wasa, kamar rigar da tela ya ɗinka wa yaro bara waccan, yaro ya girma ka ce dole sai ta shiga. Ko ta yage ko ta shaƙe shi.

Ƙa'ida ita ce kafin a danna sabuntawa a kwashe Community tas. Kai ka riga ka wuce nan, amma maganin ɗaya ne. Rufe wasan. Nemo foldar ka sake mata suna, ka ce Community_tsoho, ka buɗe sabuwa wadda ba komai a cikinta ka sa mata Community. In ba ka san inda take ba, nemo fayil mai suna UserCfg.opt ka buɗe shi da Notepad, can ƙasa za ka ga InstalledPackagesPath, abin da ke gabansa shi ne adireshin. Buɗe wasa. Zai tashi, ni na gaya maka.

In ya tashi ka shiga General Options, wurin Data, ka goge ma'ajiyar wucin gadin nan da suke kira Rolling Cache, domin tsohon abin da ke ciki kan yi faɗa da sabo. Daga nan sai ka fara mayar da kaya rabi-rabi. Ka zuba rabi, in ya buɗe to ɓarawon na cikin ɗaya rabin. Ka raba wancan biyu, ka sake. Ko kaya ɗari biyu ne, zagaye takwas ya isa ka kama shi. Wannan ita ce hanya, babu wata.

Maman Sultana:
Malam sannu da wannan damuwa. Kafin ka taɓa komai, ko da sake suna ne, samo filas ka kwafe foldar filin jirgin yayanka, ka ajiye a wuri biyu. Ka kuma duba ko ya bar ainihin fayilolin aikin da ya yi ginin da su. Abin da ke cikin Community gamammen kaya ne, in ana son gyara shi sai da na asali, kuma galibi a wani wuri dabam ake ajiye su.

Sannan ka amsa mana waɗannan. Na 2020 ne ko na 2024? Ta Steam aka saya ko ta Microsoft Store? Bayan ya rufe, in ka sake buɗewa, ba ya fito maka da zaɓi tsakanin Safe Mode da Normal Mode? Kuma lokacin da yake saukewa wuta ba ta ɗauke ba?

Malamin Aji Shida, Badariya:
Na gode Kyaftin, na gode Hajiya. Na 2020 ne. Amma Kyaftin maganar sake wa folda suna ita ce nake tsoro. Mutumin nan ya ce kada in taɓa komai, kuma shi ba mai magana biyu ba ne. In na sake suna abu ya ƙi komawa yadda yake, da wane ido zan kalle shi? Ni a ganina matsalar ba daga kayansa take ba, domin kafin sabuntawar nan komai na aiki ƙalau. Babu hanyar da za a mayar da wasan tsohon yadda yake?

Kyaftin na Gusau:
Babu. Wasan nan ba ya komawa baya, in ya sabunta ya sabunta ke nan. Kuma cewa da ka yi komai na aiki kafin sabuntawa, ai shi ne hujjata ba taka ba. Sake suna ba gogewa ba ne ƙanena, ko allura ba za ta ɓata ba.

Na Argungu:
Malam Allah shi kawo mahita. Ni dut matsalar wanga wasa data ta. Wancan wata na sayi ta wata guda, wallahi ko sati ba ta kai ba, don na mance ban kashe Photogrammetry ba, abin nan da ka jawo hoton gine-ginen birane daga intanet. Na kira masu layin sun ka ce ni na cinye ta. Ga shi nan unguwarmu in dare ya yi sabis ɗin sai shi koma awa babu, dole in ɗora mayifai bisa katanga in ɗaure shi da ƙyalle. Kuɗɗin da ni kashe ga data bana da shinkahwa na noma da su ga hwadama da na hi haka. Kuma ba wanda za ka kai ma kuka. Mi za mu yi? Son abin ya riga ya shiga jini.

Ɗan Jega:
Ni shawarata ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma gaskiya ce. Wanda ke zaune a irin wurarenmu X-Plane, wani wasan jirgin dabam, ya kamata ya riƙe. Ni na 11 nake yi tun tuni, ko na 12 da ya fito ƙarshen 2022 ban koma ba. Ba ya tilasta maka sabuntawa, sai ranar da ka ga dama. Ƙasar duk tana cikin faifanka, ba ya jan hoton ƙasa daga intanet kana cikin tashi. In ya rufe kuma akwai fayil mai suna Log.txt, ka buɗe ka karanta ƙarshensa, sau da yawa zai nuna maka abin da yake lodawa lokacin da ya faɗi. Filayen jirgi kuma ka jera su a scenery_packs.ini, wanda ba ka so ka kashe shi da gyara layi ɗaya. Ka sa Zibo 737, kyauta ne, ka je Jidda ka dawo. Ina da laftof da ke ɗauke da shi, in kana so ka turo a karɓa.

Kyaftin na Gusau:
Ɗan Jega kullum sai ka kawo mana wannan tallar. Mutum na tambayar yadda zai gyara nasa kana ce masa ya yar ya sayi naka. Kuma kada ka rufe wa mutane ido, lokacin da X-Plane ya koma kan Vulkan, sabon tsarin zana hoto, a 11.50, shekarar 2020, kayan ƙari nawa ne suka daina aiki sai da masu su suka gyara? Ciwon ɗaya ne ko'ina. Sannan filin da yayansa ya gina ba zai hau X-Plane ba, tsarin fayilolin ba ɗaya ba ne.

Malam saurare ni. Tun da kwamfutar ta daɗe ba a sabunta ba, zan iya lissafa maka waɗanda nake zargi ban ma ga foldar ba. In ka ga tsohon jirgin CJ4 ko gilasan ɗakin matuƙi na G3000 da masu haɗa kayan ƙari na Working Title suka yi, cire su, domin tun farkon 2023 aka shigar da aikinsu cikin wasan kansa, tsofaffin na waje rikici kawai suke kawowa. In akwai A32NX, wato jirgin A320 da ƙungiyar FlyByWire ta inganta, kada ka yi ta fama da tsohon, ka sauke manhajar girkawarsu ta sabunta maka shi. Sai tsofaffin fenti, waɗanda aka yi wa A320 na kamfani kafin FlyByWire su ware nasu ya zama jirgi mai zaman kansa. Waɗannan sun sha rufe wa mutane wasa. In yana da Navigraph kuma, bayanan hanyoyin sama duk kwana 28 ake sakewa, nasa ya tsufa tuni.

In ka gama duk wannan ka sa MSFS Addons Linker, kyauta ne. Kayanka su zauna a wani wuri dabam, shi yana jona su ne kawai da Community. Ranar sabuntawa ka kashe su da dannawa ɗaya. Ni tun da na sa shi ban sake kwana da irin wannan ba.

Abban Khalifa, Yauri:
In ta Steam ne ka danna Verify integrity of game files, zai gyara duk abin da ya lalace. Haka nake yi wa sauran wasannina.

Maman Sultana:
A'a don Allah Malam kada ka danna wannan. A wasu wasannin yana da amfani, amma a wannan, in manyan fayilolin suna cikin foldar Steam, yakan share su ka koma saukewa daga farko, abin da ya haura giga ɗari. Abban Khalifa ka yi haƙuri, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Malam har yanzu ba ka amsa mini maganar wuta da Safe Mode ba.

Malamin Aji Shida, Badariya:
Hajiya ban san ko Steam ne ko ɗayan ba, ni dai hoton jirgi nake dannawa a fuskar kwamfuta. Wuta kam ta ɗauke ana tsakiyar saukewa, da dare ne, kwamfutar ta mutu gaba ɗaya domin batirin UPS ɗin ya daɗe da lalacewa. Amma da na tada janareta na kunna ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai nuna wata damuwa ba, shi ya sa ban ga amfanin faɗa ba. Zaɓin Safe Mode yana fitowa, ni Normal nake dannawa, domin na karanta a jiki cewa ɗayan zai kashe kayan da aka ƙara. To in ya kashe filin yayana me zan nuna wa yara?

Maman Sultana:
Malam ai wannan ita ce babbar magana. In wuta ta ɗauke yana cikin warware fayil, wani fayil na cikin Official kan iya lalacewa, kuma in haka ne ko ka kwashe Community tas ba zai buɗe ba. Safe Mode ba ya goge komai, yana ƙin loda kayan ƙari ne a wannan buɗewar kaɗai. Shi zai raba mana gardama. In ya buɗe a Safe Mode, Kyaftin ya yi gaskiya. In ya sake rufewa, to fayil ne ya lalace, sai mu nemi wanda ya lalace a cire shi wasan ya sake sauke shi kaɗai. Kuma ba ka sake wa komai suna ba, amanar yayanka na nan.

Kyaftin na Gusau:
Hajiya da girmamawa, ba wuta ba ce. Da fayil ya lalace da ya maƙale yana ta maimaita saukewa, da bai kai inda ya kai ba. Community ce. Amma ya gwada, zai gani.

Baban Yasir, Tudun Wada:
Ku kuna maganar wuta ta ɗauke na dare ɗaya. Mu a Zamfara watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya, ko kira ba ka yi balle data. Lokacin ban daɗe da sayen wasan ba, sabuntawa ta tsaya mini a rabi. Haka na zauna ina kallon kwamfuta. Ƙarshe sai da na ɗauki laftof na shiga mota zuwa Funtuwa, can ma na tarar sabis ɗin ba daɗi, na wuce Zariya gidan ƙanwata na kwana ina saukewa. Matata har yau in ta tuna sai ta yi mini magana. Abin da na koya shi ne duk lokacin da na sami intanet mai kyau sai in sauke duk abin da zan sauke. Malam Allah ya dawo da yayanka lafiya, dajin nan ba wurin zama ba ne yanzu.

Malamin Aji Shida, Badariya:
Amin Baban Yasir, na gode. Na gwada Safe Mode, ya buɗe. Har na zaɓi Cessna na tsaya a kan titin Birnin Kebbi. Amma filin yayana babu, sai wancan na kamfani, fili fetal. Wallahi da na gani sai da gabana ya faɗi, na rufe da sauri na je na duba foldar, alhamdu lillahi tana nan. To amma wannan bai amfane ni da komai ba, domin abin da na yi wa yara alkawari shi ne su ga filin garinsu da suka sani.

Kyaftin na Gusau:
Me na ce? Yanzu sai rabi-rabi. Fara yau.

Malamin Aji Shida, Badariya:
Kyaftin kowace buɗewa tana cin lokaci mai tsawo, domin wasan a tsohon faifai yake ba SSD ba. Ga wuta babu, litar mai kuma kun san yadda take. Ina tashi makaranta ƙarfe biyu, da yamma ina da lesin. Duk da haka na daure na gwada daren jiya. Ban sake suna ba, kwashe rabin kayan na yi na ajiye gefe na rubuta sunayensu a takarda don in mayar da su yadda suke. Ya buɗe har ya kai ni taswira. Na zaɓi Kano, DNKN, ya shiga lafiya, sai dai gilasan ɗakin matuƙi na A320 duk baƙi ne. Na koma na zaɓi Birnin Kebbi, DNBK, yana cikin lodawa ya rufe.

Kyaftin na Gusau:
Shi ke nan magana ta fito. Baƙin gilashi tsohon A32NX ne, ka sabunta shi, kuma bayan sabuntawa shigar farko takan daɗe, ka ba shi lokaci. Rufewar DNBK kuma filin yayanka ne. Shi ne ɓarawon. An gina shi da tsofaffin kayan gini na wasan, wani abu a cikinsa sabon wasa bai yarda da shi ba. Cire shi ka yi taronka, in yayanka ya dawo ya sake haɗa shi.

Malamin Aji Shida, Badariya:
Kyaftin kai babba ne kuma na gode da ɗawainiyarka, amma ban yarda ba. Ba ka san yayana ba. Mutum ne da ko layi zai ja sai ya auna. Ya sha sabunta wasan nan lokacin yana gida, filin bai taɓa ba shi matsala ba. Ta yaya za a ce duk cikin tarin kayan da turawa suka yi, nasa ne kaɗai mai laifi?

Maman Sultana:
Kyaftin a yi a hankali, ba a tabbatar ba tukuna. Zai yiwu filin ne, amma zai yiwu akwai wani kaya a wannan rabin da shi ma yake taɓa yankin Birnin Kebbi, kamar tarin filayen Najeriya da ake saukewa a dunƙule, ko mai gyara tudu da kwarin ƙasa. In biyu suka haɗu a fili ɗaya sukan yi karo. Gwajin mai sauƙi ne Malam. Ka bar filin yayanka shi kaɗai a Community, ba jirgi ba fenti, ka shiga DNBK da Cessna 152 na kamfani. Buɗewa ɗaya ce. In ka ga wasu gine-gine sun ɓace kada ka tsorata, wataƙila ya aro su ne daga wata foldar kayan gini da ka kwashe. Kuma ko da ya rufe, wannan ba ya nufin bai iya aiki ba. Manyan kamfanoni masu sayar da jirage su ma duk bayan sabuntawa sai sun fitar da gyara. Ka kwafe filin a filas kuwa?

Na Argungu:
Ni hwa tambayata, wa ya ce ɗiya za su zamna su kalli tahiya Jidda? Wajen awa biyar ta. Tun da yaƙin Sudan ya tashi 2023 jiragen alhazai ma zagaye su kai. Iyaye na da abin yi. Malam ɗauki ƙaramin jirgi ka taso ka biyo gulbi, ka nuna musu hwadama da shinkahwa, ka zo Argungu su ga Matan Fada inda a ka kamun kihi, ka wuce Sakkwato ka sabka. Wanga shi za su tuna.

Ɗan Jega:
Na Argungu ya yi gaskiya a nan. Birnin Kebbi zuwa Sakkwato kamar kilomita 150 ne ta mota, a jirgi kafin yara su gaji an isa. Laftof ɗina dai na nan.

Malamin Aji Shida, Badariya:
Jidda mai makaranta ya ce, kuma ita aka sanar wa iyaye. Akwai waɗanda kakanninsu suka je aikin hajji daga filin nan, shi ya sa suke ɗoki. Na yi niyyar in nuna tashi, in ƙara gudun lokaci, in nuna sauka. Ba zan koma in ce masa Sakkwato ba bayan ya ba da kuɗinsa.

Kyaftin na Gusau:
A32NX ba ya son a ƙara masa gudun lokaci da yawa, otofailot zai fara lilo a gaban iyaye. In dole sai Jidda, ka yi tashi biyu. Na farko ka ɗaga daga Birnin Kebbi ka hau sama, ka tsaya. Na biyu ka fara daga kusa da filin Jidda, OEJN, ka sauka. Kuma ka yi da A320 na kamfani, Community babu komai. Haka ni zan yi, kuma haka duk wanda ya san abin zai yi. Ka kuma kashe Photogrammetry da Live Traffic a wurin Data, ka sa iyakar abin da zai ja, in ba haka ba ragowar datar ba za ta kai ka ƙarshen taro ba. Ni na gama tawa.

Abban Khalifa, Yauri:
Malam in filin ya gyaru don Allah ka turo mana shi, mun daɗe muna neman na Birnin Kebbi. A flightsim.to, shafin da ake ɗora kayan ƙari, za a yi murna da shi.

Malamin Aji Shida, Badariya:
Ba nawa ba ne da zan bayar, sai da izninsa. Hajiya ban sami filas ba tukuna, nawa cike yake da takardun jarrabawar yara. Na kira yayana layin ba ya shiga, na tura saƙo bai buɗe ba. Gwajin da kika ce ban yi ba, domin in na bar filin shi kaɗai sai na kwashe duk sauran, kuma takardar da nake rubuta sunayen ta riga ta fara rikice mini. Na mayar da komai yadda na same shi. Gobe in an sauko Juma'a zan ga ko za a kawo wuta. Ni dai har yanzu zuciyata na ba ni cewa wani tsohon fenti ne.

Maman Sultana:
Malam jerin sunaye ba ya ɓata komai, in ka mayar da su duka cikin foldar sun koma ke nan. Amma ko a wayarka ne ka kwafe filin nan yau da kebul. Don Allah ka yi wannan kafin Juma'a.

Sabon Shiga, Zuru:
Salam. Ku yi haƙuri na shigo tsakiyar magana. Ni nawa yana buɗewa, amma tun bayan sabuntawa sandar tuƙina ta daina amsa wa jirgi ɗaya, sauran kuma lafiya. Shi ma Community ce ko wani abu ne dabam?